Kafin ku ɗauki hoton jirgin Maheno

Idan hutu ya kai ku tsibirin K'gari na Ostireliya da iyali, kar ku wuce ragowar jirgin ruwan Maheno. An ƙera shi a 1905, ya yi jigilar sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan guguwa ta jefo shi gaɓa a 1935 ana jan sa zuwa Japan.

Ku yi sammako. Gaɓar tana kallon gabas, don haka hasken fitowar rana kan fito da jan tsatsar jirgin sosai. Ku tambayi lokacin janyewar ruwa tun daga masauki. Mai ɗaukar hoto ya tsuguna, jiƙaƙƙen yashi zai nuno surar jirgin, sannan a tsayar da mutum can gefe don girman jirgin ya bayyana.

Amma don Allah kar yara su hau. An hana matsawa kusa fiye da mita 3, ƙarfen ya ruɓe, ga kaifi. Rairayin kuma hanyar motoci ce, ga karnukan dajin dingo suna yawo. Wani babba ya riƙe kyamara, wani ya riƙe hannun yara.