RUBUTUN DA KE CIKIN ƘWAYAR HATSI

Manoman Gesheme sun san maiwa tana daɗewa kafin ta nuna. Sun san wani iri ya fi wani jure fari. Mi ya kawo haka?

Masana sun gano kowace ƙwaya tana da rubutun gado a cikinta. Ido ba ya ganin shi. Baƙaƙensa huɗu ne tak, amma a cikin hatsi jerinsu ya wuce miliyan 1500. Rubutun nan ne ke tsara tsawon kara, girman zangarniya da kwanakin nuna.

Akwai wani malami da ya ba da rayuwarsa ga karanta shi. Sunansa Rajeev Varshney. An haife shi a ƙasar Indiya a 1973. Ya gama babban karatunsa a 2001, ya tafi Jamus ƙaro sani. A 2005 ya koma gida, ya kama aiki a Ikrisat, ma'aikatar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ma'aikatar tana da reshe a Sadore, kusa da Yamai.

Ya fara da wake iri biyu na ƙasarsu, a 2011 da 2013. A 2017, shi da abokan aikinsa na ƙasashe da yawa suka fito da rubutun hatsi. Sun gwada iri kusan 1000. Sun iske umurni fiye da 38000 a ciki. Wasu na sa ganye ya yi wani abu kamar kakin zuma. Suna ganin wannan na taimakon hatsi jure zafi da fari. A 2022 malamin ya koma koyarwa a Ostareliya.

Ina amfanin wannan ga manomi? A da, mai gyaran iri sai ya jira kaka kafin ya san abin da ya samu. Yanzu ana iya tsinkar ɗan ganyen shuka, a duba, a san halinta tun tana ƙarama.

Amma masani ba ya karanta irin da ya ɓace. Ƴan uwa manoma, ku karɓi sabon iri, amma kada ku yar da na kakanni. Ku zaɓi zangarniya mai kyau tun a gona, ku aje ta daban a rumbu.

Tambayoyi:
1. Baƙaƙe nawa ne a rubutun gado?
2. Irin hatsi nawa ake shukawa a garinku?
3. Wane iri ne ya ɓace, kuma don mi?