Shafin Hukuma Na Kowa Ne, Har Da Makaho

Jama'a, ku sani yau ofishin gwamnati ya koma cikin waya. Neman fasfo, rajistar jarrabawar JAMB, neman aiki a ma'aikatar tarayya, duk sai an bi ta shafin intanet. Ci gaba ne, ba mu ƙi ba. Sai dai a nan Abuja, inda ake ba da kwangilar yawancin shafukan nan, akan manta cewa cikin masu shiga akwai makafi, akwai kurame, akwai wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta.

Wani zai ce, to ina makaho ina intanet? Mai faɗin haka bai zauna da su ba ne. Makaho yakan ɗora yatsa a gilashin wayarsa, murya ta faɗa masa abin da ya taɓa, in shi yake nema sai ya ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. A wayar Android sunan manhajar TalkBack, a iPhone VoiceOver. A kwamfuta kuwa akwai NVDA, wadda ake samu kyauta, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka samar da ita. Amma fa rubutu manhajojin nan suka fi iya karantawa, hoto kuwa sau da yawa ba sa gane abin da ke cikinsa.

A nan gizo yake saƙa. Ma'aikata za ta fitar da sanarwar ɗaukar aiki, a buga a takarda, shugaba ya sa hannu, a buga hatimi, sannan wani ma'aikaci ya ɗauki hoton takardar ya ɗora a shafi. Mai ido ya karanta ya wuce. Makaho ya taɓa, murya ta ce masa "hoto", ta yi shiru. Ranar rufewa tana ciki, sharuɗɗan suna ciki, shi bai ji ko ɗaya ba. Haka maɓallin da ba a sa masa suna ba, haka karkatattun haruffan nan da ake cewa mutum ya kwafa don a tabbatar ba na'ura ba ne. Ƙarshenta sai ya nemi ɗan jagora su tafi shagon kafe a Wuse ko Nyanya, ya karanta wa yaron shago lambarsa ta NIN da kalmar sirrinsa a gaban jama'a, ya kuma biya kuɗin aiki. Mutumin da ya yi digiri ke nan.

Wannan ba maganar taimako ba ce, haƙƙi ne. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, sashe na 9 nata kuma ya ambaci intanet ƙarara. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a Abuja a 2020. Dokar ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. To ta yaya za su cike gurbin da ba su iya karanta sanarwarsa ba?

Gyaran ba sabon abu ba ne. Tun 1999 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG, na baya-bayan nan a 2023. Kai mai gina shafi, rubuta sanarwa da haruffa na gaske, har da ɓ da ɗ da ƙ in Hausa ce. Sa wa kowane hoto gajeren bayani, kowane gurbin fom sunansa. Bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa saboda kurame. Kada ka sa rubutu ruwan toka a kan fari, dattawa ma da kyar suke ganinsa.

Ku kuma shugabannin ma'aikatu, ranku ya daɗe, a sa sharaɗin nan cikin takardar kwangila tun farko, don gyara bayan an gama ya fi tsada. Kafin a biya ɗan kwangila, a cire linzamin kwamfutar a ce ya cike fom ɗinsa da allon rubutu kaɗai. In ya wuce, a gayyato makaho mai aiki da NVDA shi ma ya gwada, a kuma biya shi ladan aikinsa.