Me Ya Sa Ɗan Adam Yake da Haɓa?

Wani mai sauraronmu, wanzami a kasuwar Aboabo da ke Tamale, yana tambaya: mene ne asalin haɓa, kuma mene ne amfaninta?

To malam wanzami, wannan ƙashi da askarka ke zagayawa kullum a ƙarƙashin gemu, ɗan Adam kaɗai ke da shi cikin dangoginsa. Idan ka je gandun dajin Mole, dubi birai da kyau: muƙamuƙinsu na ƙasa ya kwanta ne baya, babu tsini. Mutanen Niyandatal, dangin ɗan Adam na zamanin da, su ma ba su da haɓa.

Masana sun rabu kan asalin haɓa da amfaninta. Wasu sun ce tana ƙarfafa muƙamuƙi wajen tauna, wasu sun ce magana ce ta kawo ta. Amma a 2015 Nathan Holton da abokan aikinsa na Jami'ar Iowa a Amurka sun auna muƙamuƙan mutane daga ƙuruciya zuwa girma, ba su ga shaidar cewa tauna ce ta haifar da ita ba. Bayanin da ya fi gamsar da mu shi ne, fuskar kakanninmu ce ta ƙanƙance, haƙora suka ja baya, ƙasan muƙamuƙi ya rage a gaba.