Amsoshin Tambayoyinku: Me Zan Shuka a Bayan Ɗaki da Faɗuwar Damina?

Tambaya: Ina da ɗan fili a bayan ɗakina, bai wuce taku goma ba. Bara da aka yi ruwan farko na shuka kuɓewa da tumatir. Kuɓewar ta tsiro ta ƙone, tumatirin kuwa ya yi ganye gwanin sha'awa, amma ko ɗa ɗaya ban tsinka ba. Ina kuskuren yake, kuma me ya kamata in shuka bana? Daga wata uwargida a Kwanyawa.

Amsa:  Malama, ki kwantar da hankalinki, hannunki ba shi da laifi, ƙasarki ma haka. Abu biyu ne suka haɗu: kin riga damina fitowa, sannan kin ba tumatir lokacin da ba nasa ba.

Mu fara da ruwan farko. A ƙasar Ƙaraye da Rogo yakan sauka a watan Mayu, wani lokaci ma ƙarshen Afrilu, ya kwantar da ƙura, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, kowa ya ji hannunsa na ƙaiƙayin shuka. Sai kuma ya ɗauke, mako biyu ko fiye, ranar bazara ta dawo da zafin da kan kai digiri 40. Irin ya riga ya fasa, saiwarsa ta nemi laima a ƙasa ba ta samu ba. Abin da ya cinye kuɓewarki ke nan. Dattawan manoma ba sa yarda da saman ƙasa. Sukan sara fartanya su zura hannu, in sun ji danshi har wuyan hannu, ƙasar kuma ta dunƙule in an matse ta, to an yi ruwan shuka. Yawanci sai cikin Yuni ake samun haka.

Sai dai ke kina da abin da mai babbar gona ba shi da shi. Fili mai taku goma, ban ruwa da safe da yamma zai riƙe shi har ruwa ya zauna. In kina da rijiya kusa, ki shuka da wuri abinki, ki riga kasuwa cin sabuwar miya. Ruwan wankin shinkafa da na surfe duk suna yi, amma ban da na omo.

Tumatir kuwa ɗan sanyi ne. Idan zafi ya tsananta furensa zubewa yake yi kafin ya ƙulla, in ruwa ya yi yawa kuma ciwon ganye da ruɓa su taso masa. Shi ya sa masu noman rani a bakin madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, da na Kadawa da Kura suke cin moriyarsa da hunturu, shi ya sa kuma yake tsada da damina. Ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016, ita ma zafi take so. Ki bari sai wajen Oktoba ki yi renonsa, ki dasa da shigowar sanyi.

Faɗuwar damina lokacin kuɓewa ne, da alayyahu, da yakuwa, da rama, da lalo. Kabewa ki saka ta a gindin danga ta hau abinta, zogale biyu a kusurwa. Kafin komai ki gyara shinge, domin akuya ɗaya ta isa ta share wahalar wata guda kafin ki idar da sallar azahar. Kan shukar kuma ki ɗora ƙaya saboda tonon kaji. Ki zuba takin awaki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Ki tayar da kunya, don kada ruwan Agusta ya kwanta a gindin shukar.

Irin kuɓewa yana da tauri, ki jiƙa shi ya kwana. Ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami kamu guda. In sun yi ganye huɗu ki cire na banza ki bar biyu. Na alayyahu kuwa ƙanana ne kamar kwalli, sai ki gauraya da yashi ki yafa, in ba haka ba su fito cunkus su shaƙe juna. Cikin mako uku zuwa huɗu za ki fara ci. Kada ki tumɓuke, ki yanka ki bar masa taƙi guda daga ƙasa, zai sake tofowa.

Inda na fi so ki kula shi ne ɗibar kuɓewa, don a nan mutane da yawa ke asara ba su sani ba. Wajen wata biyu da shuka za ta fara. Furen nan mai ruwan ƙwai yakan buɗe da safe ya yanƙwane kafin dare, bayan kwana huɗu ko biyar ɗan ya isa miya. Ki lanƙwasa tsininsa: in ya karye ƙas, ɗanye ne mai yauƙi, in ya lanƙwashe bai karye ba, ya ƙosa. Ki riƙa zagayawa duk bayan kwana biyu, da sanyin safiya, da dogon hannun riga saboda ƙaiƙayi. Muddin kina ɗiba tana ƙara haihuwa. Ranar da kika bar 'ya'ya suka ƙosa a jikinta, sai ta ja baya da fure. Wadda ta fi ƙarfin tukunya ki yanyanka ki shanya, ki samu ta kaɗi da rani.

Ƙwarin da ke huda ganye kuwa, ki barbaɗa musu toka da raɓar safe, ko ki daka 'ya'yan darbejiya ki jiƙa su kwana, ki tace ki yayyafa da yamma. Ina roƙonki kada ki ɗauko maganin feshin wake na maigida ki zuba wa ganyen da yara za su ci jibi.

Daga ƙarshen damina ki zaɓi gindi biyu mafiya kyau ki ƙyale 'ya'yansu su bushe a tsaye har su fara tsagewa. Ki fasa, ki zuba irin a kwalba da ɗan toka, ki rufe ki ajiye na baɗi.