Tambarin da ke jikin nama da wanda ke jikin takarda

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai tsire a unguwarmu ta Briqueterie a Kamaru da daddare ya san babu mai tambayar daga ina saniyar ta fito. A miƙo maka tsire a takarda, an barbaɗe shi da yaji, ka ci ka biya ka tashi. Abin da ya ba ka wannan natsuwa ya faru ne tun da asuba a mayankar Etoudi, inda likitan dabbobi ke tsaye da wuƙa a hannu yana tsaga huhu da hanta, yana latsa kaluluwa, kafin ya buga tambari a jikin naman. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin in koma koyarwa, yanzu kuma ina cikin editocin wata ƙaramar mujallar binciken lafiyar dabbobi. A wurina aikin guda ne. Mujallar ilimi tambari take bugawa, tana shaida wa mutanen da ba su da halin dubawa da kansu cewa an duba, abin nan yana ciwuwa. Shi ya sa abin da na gani a wayar wani yaro a zaurena ya hana ni barci.

Ɗan maƙwabcina ne, ubansa mahauci, shi kuma yana ƙoƙarin kammala digirinsa na uku. Ya shigo bayan sallar isha'i fuskarsa cike da fara'a.

"Kawu, an karɓi maƙalata. Mujallar ƙasa da ƙasa ce."

Na taya shi murna, na ce ya nuna mini. Ranar Litinin ya aika, ranar Alhamis aka ce an karɓa, aka haɗo masa da lambar asusun da zai tura kuɗi. Jaka ɗari da tamanin na sefa ya biya, rabi daga jarin mahaifinsa.

"To, ɗana, me masu bita suka ce a gyara?"

"Ba su ce komai ba, Kawu. Sun ce aikin ya yi kyau ƙwarai."

Na karɓi wayar na karanta. Bincike ne a kan alamun tarin fuka a huhun shanu a wata mayanka, aiki mai amfani, domin wannan cuta tana iya kama mutum ta hanyar madarar da ba a dafa ba, kuma mahauta suna cikin waɗanda suka fi kusa da haɗarinta. Amma jimillar shanun da ke jadawali na biyu ta zarce ta jadawali na farko da talatin da wani abu. Ya kuma kira kowane ƙulli da ya gani a huhu tarin fuka, alhali ido kaɗai ba ya yanke wannan hukunci sai an kai ɗakin gwaji. Duk mai bita da ya buɗe takardar nan na minti goma zai ga haka. Babu wanda ya buɗe ta. Tambari kawai aka sayar masa.

Irin waɗannan mujallu suna da tarihi. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Kolorado da ke Denba a Amurka, Jeffrey Beall, shi ya fara tara sunayensu yana kiransu mafarauta, har ya rufe jerin nasa a Janairun 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin cutar daji, ya cusa mata kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi, ya buga labarin a mujallar Science. Abin da ya fi sosa mini rai a labarin shi ne sunayen da ya sa wa marubutan bogin: sunaye masu kama da na Afirka, da cibiyoyin bincike na ƙarya a manyan biranen Afirka, saboda ya san in an neme su a intanet ba a same su ba, babu wanda zai yi mamaki. Wannan ita ce kimarmu a idon wasu, kuma duk takardar banza da ta fita da sunan jami'armu ƙara tabbatar musu take yi. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta ci kamfanin OMICS na Haidarabad a Indiya tarar dala miliyan 50.1 saboda yaudarar masu bincike a kan bita da kuɗin bugawa. Sana'ar ba ta mutu ba, suna kawai take sauyawa.

Ban ga laifin yaron shi kaɗai ba. Malamin jami'a a Kamaru ba ya hawa mataki sai fayil ɗinsa ya bi ta kwamitin CCIU, kuma abin da ake dubawa a fayil ɗin har da maƙalun da ya buga. A ƙasashen da ke bin tsarin CAMES, wanda aka kafa a Yamai a 1968 hedkwatarsa kuma tana Wagadugu, haka abin yake. Ɗalibin digiri na uku ma ana neman ya buga kafin ya kare kundinsa. Mujallar kirki tana iya riƙe takardarka wata huɗu ko shida ta dawo maka da ita cike da gyara. Ga wa'adi yana matsowa, ga saƙo ya shigo akwatinka yana kiranka babban masani, yana alkawarin bugawa cikin mako guda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sai na duba saman takardar, na ga sunaye shida. Na san yaron nan shi kaɗai yake fita da asuba a kan babur da takalmin roba.

"Su wane ne waɗannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ɗaya malaminsa ne da ya duba aikin, wannan haƙƙinsa ne. Ɗaya wani babba ne a sashensu wanda bai taɓa ganin takardar ba, amma an ce masa ba a tsallake shi. Ɗaya shi ya biya rabin kuɗin bugawa. Sauran biyun abokai ne da suka yi yarjejeniya, ka sa ni a taka in sa ka a tawa. Adashi ke nan, sai dai na suna.

Wannan ya fi mujallar bogi damuna, don a cikin gidanmu yake, kuma mun saba da shi har mun daina ganinsa laifi. Muna kiransa ladabi, ko zumunci, ko kyautata wa na gaba. Mu da muka tashi a makarantar allo da ta zaure mun san darajar isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, kuma malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bincikar ko mai ruwaya ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Suna a saman maƙala shaida ce. Ma'anarsa na ga wannan aiki, na sa hannu a cikinsa, in an sami kuskure a tambaye ni. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci na duniya suka shimfiɗa ma haka ta ce: sai wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutu ko gyara, ya amince da abin da za a buga, kuma ya yarda ya ɗauki alhakinsa. Wanda ya ba da mota ko kuɗi ko izinin shiga mayanka, wurinsa sashen godiya, kuma babu ƙasƙanci a hakan. Ina roƙon 'yan'uwana manya, mu da ake jin nauyinmu, mu riƙa cewa da bakinmu a cire sunanmu. Yaro ba zai iya faɗa ba.

Kada wani ya ɗauka wannan rigimar malaman jami'a ce kawai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. Raɗaɗin wannan yana cikin abin da mutane suka riƙa tunawa lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003. Shi ya sa idan marubuci ya aiko mana aiki ba tare da takardar izinin kwamitin ɗa'a ba, ko kwanan watanta bai dace da lokacin aikin ba, nake mayar masa ko da abokina ne.

Manyan mujallu ma ana yaudararsu. A Mayun 2020 The Lancet ta buga bincike a kan maganin kulorokwin da ɗan'uwansa ga masu korona, da bayanan majinyata kusan 96,000 daga asibitoci 671, waɗanda kamfanin Surgisphere ya ce ya tattara. Da aka nemi ganin asalin bayanan aka rasa, aka janye maƙalar ranar 4 ga Yuni. A 2023 an janye maƙalu sama da dubu goma a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi. Bambancin shi ne mujallar gaske tana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, kuma tana fitowa fili ta ce mun yi kuskure.

Ga mai shirin aika takarda, dubawar ba ta cin kuɗi. Nemi sunan mujallar a shafin DOAJ ko na AJOL, wanda ke tattara mujallun Afirka, ka kuma tabbata adireshin da ke can shi ne wanda aka aiko maka, don akwai masu satar sunan mujallar gaske su buɗe shafi irin nata. Zaɓi mutum guda daga cikin editocin da aka jera ka rubuta masa ka tambaye shi ko ya san yana ciki. Karanta maƙala biyu da suka buga a fanninka. Neman kuɗi shi kaɗai ba alamar zamba ba ne, mujallu nagari da yawa suna karɓa, wasu kuma suna yafe wa masu bincike daga ƙasashe irin namu idan an nema. Alamar ita ce karɓa ba gyara.

Yaron ya rubuta wa waɗancan mutane ya ce ya janye takardarsa, domin ba a buga aiki ɗaya sau biyu. Suka ce sai ya biya kuɗin janyewa. Muka yi ta aika saƙo muna ajiye kwafi har suka sauke ta daga shafinsu, kuɗinsa kuwa bai dawo ba. Ya kawo mini littafin da yake rubutu a mayanka, bangonsa duk tabon jini, muka zauna dare uku muna ƙirga shanun ɗaya bayan ɗaya har muka gano kwana biyu da ya shigar sau biyu. Maganar sunaye ni na je na yi ta da manyan, ɗaya ya fahimta nan take, ɗaya har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Takardar ta tafi wata mujallar da sunaye biyu, ta dawo bayan wata huɗu da shafi uku na gyara, ciki har da buƙatar a tabbatar da ƙullayen a ɗakin gwaji. Asabar ɗin da ta wuce ina fitowa sallar asuba na ga ya ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur, zai je ɗebo samfur.