Dangantakar Kiɗa da Jigo: Nazari a Kan Waƙar Karen Mota

Ɗalibi kan ɗauki kaset, ya juye baitocin waƙar baka a takarda, ya fitar da jigo da salo, sa'an nan ya ce ya gama nazari. Kiɗan kuwa sai a ambace shi a layi guda. Wannan kuskure ne, domin a waƙoƙi da dama kiɗa yana ɗauke da wani kaso na jigon da takarda ba ta iya riƙewa.

Waƙar Karen Mota ta Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ta isa misali. Karen mota shi ne yaron direban babbar mota: shi ke loda kaya, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya in mota ta tsaya a hawa. A shekarun 1970, lokacin da masana'antun Bompai ke aiki sosai, kafin da yawa daga cikinsu su rufe, mazauna Dakata da ke maƙwabtaka da su sun saba ganin irin waɗannan samari a saman lodi. Mutane ne da maroƙan fada ba su kula da su ba.

Abin kiɗan Ɗanmaraya shi ne kuntigi, mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi kokonsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Sautinsa siriri ne, ba ya jan amo kamar goge, don haka dole makaɗi ya riƙa maimaita bugu da sauri ba hutawa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar mota an bar injinta a kunne zai gane wannan karkarwar. Muryar mawaƙin tana hawa kan bugun, tana tafiya da shi, kamar yadda yaron ke maƙale a jikin motar da ba shi ke tuƙa ta ba. Bugu da ƙari, babu 'yan amshi. Sarki ne ake wa waƙa da taushi ko kotso da jerin mabiya; karen mota kuwa mutum ɗaya da gwangwani suka ishe shi, kuma hakan ya dace da matsayinsa.

Makaɗan Turai masu kiɗan rok ma sun san wannan dabara. A 1973 ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta buɗe waƙarta mai suna Money da ƙarar sulalla da na'urar karɓar kuɗi ta kanti, aka jera ƙarar har ta zama ita ce ma'aunin kiɗan. Mai sauraro ya san zancen kuɗi za a yi tun mawaƙi bai buɗe baki ba.

Sai dai a nan akwai wurin taka-tsantsan. Su Turawan nan da gangan suka ɗauko ƙarar kuɗi. Ɗanmaraya kuwa da kuntigin nan ya yi Jawabin Aure da Mai Akwai da Babu, inda babu mota ko kaɗan. Saboda haka ba za a ce kuntigi kwaikwayon inji yake yi ba. Abin da za a iya kafa hujja da shi shi ne, kalmomin waƙar ne suka sa kunne ya ji inji a cikin bugun. Mai son gwada wannan sai ya saurari waƙoƙin uku a jere, ya lura da saurin bugu da wuraren da murya ke tsayawa a bar tsirkiya ita kaɗai.