Amsoshin Tambayoyinku: Sharuɗɗan Buɗe Gidan Renon Yara a Mahuta

Buɗe gidan renon yara a Mahuta, kamar ko'ina a jihar Kaduna, yana buƙatar ilimi da izini. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, wadda ake yi cikin shekara 3. Wadda ta fi dacewa ita ce ta fannin kula da ƙananan yara, kuma ana yin ta a kwalejojin ilimi. Daga nan sai rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa. Sunan gidan kuwa, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ke masa rajista. Hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jiha tana duba ɗakuna, ruwa da banɗaki kafin ta amince. Koyon agajin gaggawa ma wajibi ne ga mai hankali.